Yaushe Azhar Ta Zama Azhar? Waiwaye a Kan Tarihin Martabar Makarantu

Idan aka tambayi ɗalibin ilimin addini a Kano ko Damagaram ko Kumasi wace makaranta ce ta fi kowace daraja a duniyar Musulmi, da wuya ya ƙirga uku bai sa Azhar a ciki ba. Idan aka nemi dalilinsa, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne tsufa: ta haura shekara dubu tana karantarwa. Akwai gaskiya a cikin wannan amsa, amma tana rufe wani abu da ya kamaci mai nazarin tarihi ya tsaya a kansa. Fiye da rabin waɗannan shekaru, Azhar ɗaya ce kawai daga cikin wuraren karatu masu yawa a Alƙahira, kuma ba kujerarta manyan malamai suke takara a kai ba. An ma yi kusan shekara ɗari ba a yi sallar Juma'a a cikinta ba. Martabar da muke gani a yau daga baya ta same ta, ta hanyoyin da za a iya bin sawunsu, kuma ma'aunin da ake auna wannan martaba da shi ya sauya fiye da sau ɗaya. Bin wannan sawu shi ne manufar wannan maƙala.

Masallacin Faɗimawa

Jauhar As-Siƙilli, kwamandan rundunar Faɗimawa, ya ci Masar a shekarar 358H/969M, ya kafa Alƙahira, ya kuma aza tubalin masallacin Juma'arta a shekara mai bi. An yi Juma'ar farko a cikinsa a watan Ramadan na 361H/972M. Sunansa Al-Jami'ul Azhar, wato masallacin Juma'a. Kalmar jami'a da ma'anar da muka ara a Hausa sabuwar ƙira ce ta zamanin nan, kuma wanda ya fassara waccan da wannan ya tsallake ƙarnoni da yawa bai sani ba. Karatun farko da masana tarihi suka ambata a masallacin ya auku ne a 365H/975M, lokacin da Alƙali Ali bin Nu'uman ya zauna ya karantar da littafin mahaifinsa a fiƙihun Isma'iliyya. A 378H/988M waziri Ya'aƙub bin Killis ya yanka wa fuƙaha'u sama da talatin albashi, aka gina musu gida a gefen masallacin. Ko a wannan zamani Azhar ta samu kishiya daga cikin gida, domin Halifa Al-Hakim ya buɗe Darul Ilmi a 395H/1005M, ya tara mata littattafai da malamai.

Da Salahuddin Al-Ayyubi ya kawo ƙarshen daular Faɗimawa a 567H/1171M, alƙalin alƙalansa, Bashafi'e, ya yi hukunci da cewa ba a yin Juma'a biyu a gari ɗaya. Aka mayar da huɗuba masallacin Al-Hakim, aka bar Azhar. Ba a sake hawa mumbarinta ranar Juma'a ba sai a zamanin Sarki Baibars, a 665H, wajen 1266M. A cikin wannan tsakani ne mutanen Kanem suka kashe dukiyarsu a kan madarasar Ibn Rashiƙ da ke Fusɗaɗ, makarantar Malikawa wadda ɗalibansu da mahajjatansu suke sauka a cikinta, kamar yadda Al-Maƙrizi ya ruwaito. Mutanen ƙasashenmu na farko da suka nemi gurbin karatu na dindindin a Masar, a wani wuri daban suka neme shi.

Zamanin madarisai

Idan akwai makarantar da sunanta ya cika duniya a ƙarni na 5 da na 6 na Hijira, to Nizamiyya ce ta Bagadaza, wadda waziri Nizamul Mulk ya gina aka buɗe a 459H/1067M. Abu Is'haƙ Ash-Shirazi ya riƙe kujerarta, Imamu Gazali ya hau ta a 484H/1091M. Shekara huɗu bayan haka ya sauka da ƙafarsa ya bar Bagadaza, kuma shi da kansa ya bayyana cewa ya binciki niyyarsa a wannan karantarwa ya tarar neman girma da yaɗuwar suna ne ke motsa ta. Ke nan kujerar tana da girman da har ya tsorata mai ita. A yau babu wanda zai nuna maka bangon Nizamiyya a Bagadaza, alhali Ihya'u yana kan kantar kowane mai sayar da littattafai a kasuwar Kurmi.

Faɗuwar Bagadaza a hannun Tatar a 656H/1258M, da faɗuwar Ƙurɗuba da Ishbiliya a Andalus 'yan shekaru kafin nan, su suka koro malamai daga gabas da yamma zuwa Alƙahira da Dimashƙa. Sarakunan Mamalik, waɗanda asalinsu bayi ne na soja, suka shiga gasar gina madarisai da yi musu waƙafi, don neman lada, don neman karɓuwa a wurin talakawa, kuma don killace dukiyarsu ga 'ya'yansu ta hanyar sharuɗɗan waƙafin. Al-Maƙrizi ya lissafa madarisai sama da saba'in a cikin Khiɗaɗ. Manyan kujeru masu albashi a can suke. Shehu Khalil mai Mukhtasar a Shaikhuniyya ya karantar. Ibn Khaldun da ya iso Alƙahira a 784H/1382M ya fara zama a Azhar yana karantarwa, amma da Sarki Barƙuƙ ya so girmama shi sai ya naɗa shi a madarasar Ƙamhiyya, daga nan ya zama alƙalin alƙalan Malikawa. Ibn Hajar ya yi huɗuba a Azhar, amma shugabancin Baibarsiyya ne matsayin da ya daɗe a kai. Imamu Suyuɗi, wanda ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, a Shaikhuniyya ya koyar da hadisi, daga baya shi ma ya shugabanci Baibarsiyya.

Duk da haka kuskure ne a ɗauka cewa mutanen wancan zamani suna jera waɗannan madarisai kamar yadda muke jera jami'o'i. Wanda ya buɗe Ad-Dau'ul Lami' na As-Sakhawi, ko kowane littafin tarajim na lokacin, zai ga yadda ake gabatar da malami: ya haddace kaza, ya bijirar da shi ga wane, ya karanta fiƙihu a wurin wane, ya ji Bukhari daga wane, wane ya yi masa izinin karantarwa da fatawa. Sunan ginin da karatun ya gudana a ciki ba kasafai yake zuwa ba, in ma ya zo to a matsayin wurin da mutum ya samu muƙami ne. Madarasa tana ba da ɗaki da gurasa da albashi, amma shaidar ilimi, wato ijaza, daga hannun malami take fita, da sunansa da sa hannunsa da salsalarsa. Darajar ijaza kuwa tana bin darajar mai bayar da ita da kusancin isnadinsa. Masu bincike na Yamma irin su George Makdisi da Jonathan Berkey sun yi dogon rubutu a kan wannan bambanci tsakanin madarasa da jami'ar Turai, inda ƙungiyar malamai ce take ba da digiri da sunanta. Mu kam ba ma bukatar a yi mana nisa da misali. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, da ya zauna rubuta tarihin karatunsa a Ida'un Nusukh, malamai da littattafai ya lissafa, tun daga mahaifinsa da yayansa Shehu Usmanu har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Lokacin da ta rage ita kaɗai

Abin mamaki shi ne Azhar ta ɗaukaka ne a lokacin da Alƙahira ta sauka. Turkawa sun ci Masar a 923H/1517M, birnin da yake fadar sarauta ya koma hedikwatar lardi. Babu sauran sarakunan da za su riƙa gina sabbin madarisai, babban alƙali kuma daga Istanbul ake turo shi. Su Turkawan suna da nasu tsanin makarantu mai tsari, inda ake gane matsayin madarasa da yawan kuɗin da ake biyan malaminta a rana, daga ishirin zuwa talatin har zuwa hamsin da sittin, kuma a ƙololuwa akwai madarisai takwas na Sarki Muhammadul Fatih da na Sulaimaniyya. Duk mai son babban alƙalanci a daular ta wannan tsani zai hau, Azhar kuwa ba ta cikinsa. Amma a cikin Masar, ƙananan madarisai da suka dogara da waƙafin mutum ɗaya sun riƙa durƙushewa idan gonar waƙafin ta lalace ko masu kula da ita suka cinye. Azhar ta tsira domin waƙafinta daga hannuwa da yawa ya taru, ba ta kuma keɓanta da mazhaba ɗaya ba, ƙofarta a buɗe take ga duk malamin da ɗalibai suka yarda su zauna a gindin ginshiƙinsa.

A wannan zamani tsarin riwaƙ ya kankama. Kowace al'umma tana da ɓangarenta na kwana da ajiye littattafai, da shehunta, da rabonta na gurasa daga waƙafi: riwaƙin mutanen Magrib, na Sham, na Turkawa, na Jawa, na Sa'id, na Sinnar, na Darfur, na Barno, har da zawiyar makafi. Muƙamin Shehun Azhar ma a nan ya bayyana, kuma wanda aka saba ƙirgawa na farko shi ne Muhammad Al-Kharashi, Bamalike mai sharhin Mukhtasar, wanda ya rasu a 1101H/1690M, shekara sama da ɗari bakwai bayan gina masallacin. A tsakiyar ƙarni na 18 Abdurrahman Katkhuda ya faɗaɗa ginin faɗaɗawa mai yawa.

A ganina, abin da ya fi kai sunan Azhar zaurukan ƙasar Hausa shi ne littattafan malamanta na wannan zamani. Fawakihud Dawani na An-Nafrawi, hashiyar Al-Adawi a kan sharhin Risala, Aƙrabul Masalik da Sharhul Kabir na Ad-Dardir, hashiyar Ad-Dasuƙi, hashiyar Al-Bajuri a kan Jauhara: duk wanda ya yi nisa a karatun zaure ya ci karo da su. Da maɗaba'ar Bulaƙ ta fara aiki a farkon shekarun 1820, sannan maɗaba'o'in 'yan kasuwa da ke kewayen masallacin suka biyo baya, sai waɗannan littattafai suka zama su ne ake samu, su ne ake karantawa, su ne ake kafa hujja da su. Ɗalibin da bai taɓa ganin Masar ba ya tashi yana jin cewa ƙarshen magana a fiƙihun Malikiyya daga Azhar take fitowa.

Ko a lokacin, tsohon ma'auni bai mutu ba. Murtada Az-Zabidi, mai Tajul Arus da sharhin Ihya'u, wanda ya rasu a 1205H/1791M, a gidansa da masallacin Shaikhu ya fi karantarwa, kuma Al-Jabarti ya ba da labarin yadda malaman Azhar da kansu suka je neman ijaza a wurinsa. Daga hannunsa Malam Jibrilu ɗan Umaru ya karɓo ijaza ya kawo wa su Shehu. Salsalar da ta haɗa malaman jihadi da Alƙahira ta bi ta gidan wani malami ne da aka haifa a Indiya ya yi karatu a Yaman.

Sai kuma siyasa ta ƙara nata. Da Faransawa suka mamaye Masar a 1798, malaman Azhar suka nema su zauna a majalisar da suka kafa, Shehu Ash-Sharƙawi ya shugabance ta. Da mutanen gari suka yi bore a watan Oktoba na shekarar, Azhar aka yi wa ruwan igwa, sojoji suka shiga cikinta da dawakai. A 1805 malamai tare da Umar Makram suka tsaya har aka naɗa Muhammad Ali gwamna. Wannan shi ne ƙarshen ƙarfinta a harkar mulki, domin wanda suka ɗora ɗin ne ya kori Umar Makram daga Alƙahira a 1809, ya kuma ɗora hannu a kan gonakin waƙafi.

Zuwan takarda

Muhammad Ali bai rushe Azhar ba, gefenta ya bi ya wuce. Ya buɗe makarantar likitanci a 1827, ya buɗe ta harsuna a 1835 a ƙarƙashin Rifa'a Aɗ-Ɗahɗawi, ɗan Azhar da aka tura Faris a matsayin limamin ɗalibai. Tun daga nan tambayar da iyaye suke yi ta fara sauyawa: wace makaranta ce take kai yaro ga aikin gwamnati? A 1872 Ali Mubarak ya kafa Darul Ulum don horar da malaman makarantun zamani, kuma daga cikin ɗaliban Azhar take zaɓar nata. A wannan shekarar dai, a zamanin Shehu Muhammad Al-Abbasi Al-Mahdi, aka yi dokar da ta wajabta jarrabawa a fannoni goma sha ɗaya a gaban kwamitin malamai shida ga duk mai son karantarwa a Azhar, aka kasa masu cin ta daraja uku. Wannan ita ce shahadar Alimiyya. Karo na farko ke nan da makarantar ta ba da shaida da sunanta, shekara ɗari tara bayan Juma'arta ta farko. Muhammad Abduh ya same ta a 1877, da daraja ta biyu.

Kishiyoyi suka ci gaba da ƙaruwa. An buɗe makarantar alƙalan shari'a a 1907, aka buɗe Jami'ar Masar a 1908, wadda ta koma hannun gwamnati a 1925, ita ce Jami'ar Alƙahira ta yau. Labarin Ɗaha Husain ya isa misali: makaho ɗan ƙauye da ya shigo Azhar a 1902, aka kayar da shi a jarrabawar Alimiyya, ya koma sabuwar jami'a ya samu digirin dakta a 1914, ƙarshe ya zama ministan ilimi. Ga masu hannu da shuni na Alƙahira, Azhar ta koma makarantar 'ya'yan manoma, rawani kuma ya zama abin zolaya a jaridu da fina-finai. Dokar 1930 ta kasa karatun sama zuwa tsangayu uku, Usuluddin da Shari'a da Harshen Larabci, don a kamo zamani. Amma da gwamnatin Jamal Abdunnasir ta soke kotunan shari'a a 1955, sai babbar ƙofar aikin 'yan Azhar ta rufe.

A daidai lokacin da darajarta take raguwa a gida, a waje ƙaruwa take yi, har ta zama abin tsoro ga masu mulkin mallaka. Turawan Ingila a Arewacin Nijeriya, da suka buɗe makarantar shari'a ta Kano a 1934, daga Sudan suka ɗauko malamanta, kuma da lokacin tura ɗalibai ƙarin karatu ya yi, Bakhtur Ruda ta Sudan suka fi so a kan Alƙahira, don gudun siyasar Masar. Can aka tura Malam Abubakar Gumi da abokansa a tsakiyar shekarun 1950. Makaranta ɗaya, a lokaci ɗaya, ɗan Alƙahira yana ganin ta koma baya, Bakano yana ganin ta ƙarshen buri, Baturen mulki yana ganin ta haɗari.

Doka mai lamba 103 ta 1961 ita ta haifi Jami'ar Azhar da muka sani, da tsangayun likitanci da injiniya da noma da kasuwanci, da sashen mata, amma a ƙarƙashin ikon gwamnati, shugaban ƙasa ne yake naɗa Shehunta a wancan tsari. A wannan shekarar kuma Saudiyya ta buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka tsara mafi yawan ɗalibanta su zo daga waje, da guzuri da tikiti da masauki. Cikin shekara talatin ko arba'in wannan sabuwar jami'a ta samu suna a garuruwanmu wanda ya yi kafaɗa da na Azhar, a wasu da'irori ma ya wuce shi. Ga duk mai cewa tsufa ne ke ba da martaba, wannan ya isa jawabi. Haka nan Ƙarawiyyin ta Fas, wadda ake danganta kafuwarta ga 245H/859M, ta girmi Azhar da fiye da shekara ɗari, Zaituna ta Tunis ma ta girme ta, amma babu ɗayansu da take jan ɗalibanmu kamar yadda Alƙahira da Madina suke yi.

Jadawali

Ma'auni na uku ya zo daga wata duniya daban. Wata mujallar Amurka ta fara jera kwalejojin ƙasarta a 1983. A 2003 jami'ar Jiao Tong ta Shanghai ta fitar da jadawalin jami'o'in duniya, da nufin gano tazarar da ke tsakanin jami'o'in Sin da na Amurka, sai Times Higher Education ta Ingila ta biyo baya a 2004. Jadawalin Shanghai yana ƙirga kyautar Nobel da lambar Fields ta lissafi, da maƙalolin da aka buga a mujallun Nature da Science, da masu binciken da aka fi ambaton ayyukansu. Harvard ce take zuwa ta ɗaya a cikinsa tun da aka fara. Babu laifi a kan ma'aunin idan an san abin da yake aunawa, wato binciken kimiyya da aka rubuta galibi da Ingilishi. Tahƙiƙin littafin hadisi mai mujalladi goma da Larabci ba ya ƙara wa jami'a komai a cikinsa, haka ma yawan limamai da alƙalai da muftai da ta yaye daga Indunusiya zuwa Senegal. Idan sunan Azhar ya fito a irin waɗannan jadawalai, a ƙasa can yake fitowa, kuma albarkacin tsangayun kimiyya da likitanci da aka ƙara mata a 1961 ne.

Shi ma wannan ma'auni ana iya yi masa dabara, kamar yadda a da ake samun masu tara ijazozi ba tare da karatu ba. A jadawalin Times na 2010 Jami'ar Iskandariyya ta fito ta 147 a duniya, ta huɗu a fannin ambaton bincike, a gaban Harvard, kuma da aka bincika sai aka tarar yawancin abin ya taso ne daga mai bincike guda da yake yawan ambaton ayyukansa a mujallar da shi ne editanta. A 2011 mujallar Science ta ba da rahoton yadda wasu jami'o'in Saudiyya suke biyan fitattun masu bincike na ƙasashen waje don su rubuta sunan jami'ar a matsayin wurin aikinsu na biyu.

A cikin masallacin Azhar kansa, an farfaɗo da halƙoƙin karatu a gindin ginshiƙai tun daga ƙarshen shekarun 1990, ana bin matani daga farko zuwa ƙarshe a gaban shehi. Da yawa daga ɗalibanmu da ke Alƙahira suna zuwa tsangaya da safe, da yamma kuma su tafi halƙa, ko gidan wani maƙari'i don sauke Alƙur'ani da isnadi. Idan sun dawo gida, shahadar jami'a suke kai wa hukuma a tantance kafin a ba su aiki, a zauren malaman unguwa kuwa har yanzu tambayar farko da ake yi musu ita ce a wurin wa suka karanta.